Afuwar Lome: wa ke da ikon yafe jinin baƙo?

Jama'a masu saurarenmu, na rugage da na tashoshin mota, daga Aflawo zuwa Hilakonji har can Sinkase, ga abin da muka kawo muku a shirin tarihi na wannan mako, don wanda bai samu ji ba ya karanta, ko ya sa a karanta masa. Maganar a kan wata takarda ce da aka sa wa hannu a nan garinmu.

Ranar Laraba 7 ga Yuli 1999 shugabannin ƙasa biyar suka hallara a Lome. Akwai mai masauki, Janar Gnassingbé Eyadéma, wanda a lokacin shi ke riƙe da CEDEAO, wato ECOWAS a bakin mutanen Nijeriya da Gana. Akwai Olusegun Obasanjo, da bai cika kwana arba'in a kan mulki ba, da Blaise Compaoré na Burkina, da Charles Taylor na Laberiya, da Alhaji Ahmad Tejan Kabbah na Saliyo. Na shidansu ba shugaban ƙasa ba ne. Foday Sankoh ne, tsohon kofur na soja, tsohon mai ɗaukar hoto, madugun 'yan tawayen RUF, wanda kotu a Freetown ta yanke wa hukuncin kisa a watan Oktoban 1998. Daga tsare aka ɗauko shi a watan Afrilu, aka kawo shi Lome a jirgin sama, aka sauke shi a otal ɗin 2 Février kamar kowane babban baƙo. Ministan harkokin wajen Togo na lokacin, Joseph Kokou Koffigoh, shi ya yi ta kai-kawo tsakanin ɓangarorin tun daga 25 ga Mayu har aka kai wannan rana.

Takardar tana da sassa da yawa, amma a sashe na 9 gizo ke saƙa. Ya yafe wa Sankoh kwata-kwata. Ya kuma yafe wa duk wani mai ɗauke da makami, na kowane ɓangare, duk abin da ya aikata tun daga Maris 1991 har ranar sa hannu. Bayan afuwar aka ba RUF kujerun minista huɗu da na mataimakin minista huɗu, aka kuma ɗora Sankoh a kan hukumar da ke kula da daiman da zinariyar ƙasar, da daraja irin ta mataimakin shugaban ƙasa. Wato an damƙa wa kura ajiyar nama, aka kuma ba ta takardar shaida. Kabbah ya zo wurin bikin da wata yarinya 'yar shekara uku wadda ta rasa hannu ɗaya a yaƙin, ya ce saboda irinta ya sa hannu.

Da layi ya zo kan wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, wani ɗan Yuganda mai suna Francis Okelo, sai ya yi abin da ba a shirya ba. Umarni ya zo masa daga ofishin Kofi Annan a ƙurarren lokaci, don haka ya ɗauki alƙalami ya rubuta da hannunsa, kusa da sa hannunsa, cewa Majalisar ba ta ɗauki wannan afuwa ta shafi kisan ƙare-dangi, da laifukan cin zarafin bil'adama, da laifukan yaƙi ba. Wata mai bincike, Priscilla Hayner, wadda ta zanta da mahalarta taron daga baya, ta ruwaito cewa da Sankoh ya ga rubutun sai ya tambaya ko nufinsu za a gurfanar da su ke nan. Babu wanda ya tanka masa, aka ci gaba da biki.

To, su wa aka kashe, da har ake yafe jininsu a otal?

Yawancinsu talakawan Saliyo ne, Musulmi da Kirista, manoma da masu haƙar daiman. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne mutum 50,000 a shekara goma sha ɗaya. Amma akwai wani rukuni da ya kamata mai sauraronmu ya tsaya a kansa, domin irinsa ne. Yaƙin ya faro ne daga Laberiya, inda mayaƙan Taylor suka sa ƙabilar Mandingo a gaba tun 1990. Mandingo Musulmi ne, 'yan kasuwa ne, masu shago da motocin haya da fataucin goro. An zarge su da goyon bayan Shugaba Samuel Doe, ana kuma ce musu baƙi 'yan Gini, alhali kakannin da yawansu a ƙasar aka binne su. Duk wanda ya tashi a zango ya san wannan magana, ba sai an fassara masa ba. A watan Yulin 1990 aka kashe ɗaruruwansu a garin Bakedu da ke yankin Lofa. A watan nan dai, ranar 29, sojojin Doe suka shiga cocin Lutheran na St. Peter a Monrobiya suka kashe kimanin mutum 600 'yan ƙabilun Gio da Mano da suka fake a ciki. Kowane ɓangare da nasa abin yanka. Da dakarun ECOMOG suka sauka a watan Agusta, sai mayaƙan Taylor suka juya kan 'yan Nijeriya da Gana da Gini mazauna ƙasar, suna tsare su suna kashewa, don kawai ƙasashensu sun aiko soja.

Ranar 23 ga Maris 1991 wutar ta tsallaka Saliyo ta garin Bomaru, kuma cikin waɗanda aka fara kashewa a garuruwan kan iyaka har da 'yan kasuwa Fulani da Mandingo. Sai kuma 6 ga Janairu 1999, da 'yan tawaye da tsofaffin sojoji suka afka Freetown. Makonni uku ana kisa da ƙone-ƙone da yanke hannuwa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta cewa an bi 'yan Nijeriya gida-gida, aka kashe aƙalla 63, galibinsu 'yan kasuwa. Ta kuma rubuta cewa ranar 22 ga Janairu an buɗe wuta a masallacin Rogbalan da ke unguwar Kissy, inda Musulmi da Kirista suka taru neman mafaka, aka kashe fiye da mutum 60. Kada mu ɓoye ɗaya gefen: rahoton nan dai ya ƙirga fiye da mutum 180 da ECOMOG da masu taya ta suka harbe ba shari'a, bisa zargin tawaye.

Ko wata shida ba a cika ba tsakanin masallacin Rogbalan da otal ɗin 2 Février.

Mai saurin hukunci zai ce Kabbah ya sayar da jinin mutanensa. Sai dai a duba abin da ke hannunsa. Sojojin ƙasarsa sun riga sun yi masa juyin mulki a Mayun 1997, rabinsu sun koma daji. Abin da ya riƙe shi a kujera sojojin Nijeriya ne, waɗanda ake cewa suna cin kusan dala miliyan ɗaya kowace rana. Abacha, wanda ya tura su, ya rasu a Yunin 1998, sabuwar gwamnatin farar hula kuma ta ce yaranta za su dawo gida. 'Yan tawaye na riƙe da ramukan daiman na Kono. Ba wata ƙasar Turai da ta ce za ta aiko soja. Amurka ta turo Jesse Jackson, wanda a gabansa aka sa hannu kan tsagaita wuta a nan Lome ranar 18 ga Mayu, saƙonsa kuma a sasanta ne. Masu wakiltar jama'a da malaman addini da suka zo daga Freetown ma da yawansu sun haƙura da afuwar, suna ganin in ba ita ba za a sake shigowa birni a ƙarasa sauran. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin zaman shi ne, afuwar ba ta sha gardama ba. Da wuri aka amince da ita, domin an riga an yi irinta a yarjejeniyar Abijan ta 30 ga Nuwamba 1996, kuma ta rufa wa kowa asiri, har da mafarautan Kamajo da ke yaƙi a gefen gwamnati. Makonnin da aka ɓata, a kan rabon kujeru aka ɓata su. Kuma a daidai lokacin, ranar 27 ga Mayu 1999, kwana biyu da buɗe zaman Lome, kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana tuhumar shugaban Yugoslabiya Slobodan Milošević kan abin da ya yi wa Albaniyawan Kosobo, waɗanda galibinsu Musulmi ne, ana tsakiyar yaƙi. Can an tuhumi shugaban ƙasa yana kan mulki, nan an fito da wanda kotu ta riga ta yanke wa hukunci an ba shi muƙami. Masu kare haƙƙin bil'adama sun yi ta nuna wannan bambanci.

Yanzu mu kawo maganar gida. In shanu suka shiga gona, mai gari da sarkin Fulani sukan zauna su sasanta, amma ba a yanke ko sisi sai mai gonar yana zaune. In kuwa rai ne, abin da malamanmu suka karantar shi ne, zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa na magadan mamaci ne. Sarki yana iya roƙonsu, yana iya taimakawa da dukiya, amma ba ya yafewa a madadinsu. A Lome an yi akasin haka. Waɗanda suka zubar da jinin da waɗanda suka kasa tsare shi su suka zauna suka yafe wa juna. Talakan Saliyo aƙalla yana iya cewa shugaban da ya zaɓa ne ya sa hannu. Ɗan kasuwar da ya fito daga Kano ko Anaca ko Labe fa? Ba ya cikin gwamnati, ba ya cikin tawaye, ba shi da ƙuri'a. Na Kano da na Anaca shugaban ƙasarsu yana zauren, amma a matsayin shaida ya zo.

Wannan matsala ba a Lome aka fara ta ba. Tsohuwa ce, kuma tarihinta ya biyo ta kanmu fiye da yadda ake zato.

A 1915, ana yaƙin duniya na ɗaya, gwamnatin Daular Usmaniyya ta shiga kwashe Armeniyawa, Kiristoci 'yan ƙasarta, tana kashewa tana korawa cikin hamada. Ranar 24 ga Mayu Faransa da Ingila da Rasha suka fitar da sanarwa cewa za su kama manyan gwamnatin da laifin, kowa da kansa. Daftarin da Rasha ta kawo cewa ya yi laifi ne a kan Kiristanci da wayewa. Faransa ta ce a'a, a cire Kiristanci a sa bil'adama, domin ita da Ingila suna mulkin miliyoyin Musulmi, suna kuma ɗibar 'ya'yansu soja, ba sa son a ga kamar yaƙin addini ne. Kun ji inda kalmar da Okelo ya rubuta ta samo asali: tsoron ɓacin ran kakanninmu yana cikin abin da ya haife ta. Alkawarin kuwa bai cika ba. Ingila ta tsare manyan Turkiyya fiye da ɗari a tsibirin Malta, amma a 1921 ta yi musayarsu da fursunoninta, yarjejeniyar Lozan ta 1923 kuma ta zo da afuwa.

A yaƙi na biyu aka sake. Ranar 17 ga Disamba 1942 ƙasashen ƙawance suka yi shelar cewa Jamus tana ƙarar da Yahudawa, kuma masu yi ba za su tsira ba. A Oktoban 1943 aka kafa hukumar tattara laifukan yaƙi a Landan. Nan take aka ci karo da tambaya: laifin yaƙi shi ne abin da ka yi wa mutanen abokin gaba, to Bayahuden da ɗan Jamus ne, gwamnatinsa ta kashe shi, wa zai bi kadinsa? Wakilin Amurka a hukumar, Herbert Pell, ya dage a 1944 cewa duk wanda aka kashe saboda launinsa ko addininsa a hukunta masa, ko ɗan wace ƙasa ne. Ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa da ta Ingila ba su so ba. A farkon 1945 aka ce masa babu kuɗin albashinsa, kada ya koma Landan. Shugaban hukumar, Bature ɗan Ingila Cecil Hurst, shi ma ya ajiye aiki a watan Janairun nan. Surutun da jaridu suka yi ne ya tilasta gwamnatocin suka sassauto.

Da aka zo rubuta dokar kotun Nurembag, wadda aka sa wa hannu a Landan ranar 8 ga Agusta 1945, an sa laifin cin zarafin bil'adama, har da tsangwama saboda launi ko addini. Amma an ɗaure shi da igiya: sai in yana da alaƙa da yaƙin. Alƙali Robert Jackson na Amurka bai ɓoye dalili ba. Ya faɗa wa takwarorinsa cewa yadda gwamnati ke tafiyar da 'yan ƙasarta ba ruwan wasu ba ne a al'ada, kuma su ma a ƙasarsu akwai lokutan da ake zaluntar tsiraru. Baƙaƙen Amurka yake nufi. Rasha na da sansanoninta na gwale-gwale, Ingila da Faransa na da mu. Kowa ya ga in aka saki igiyar za ta iya zagayowa wuyansa. Shi ya sa da kotun ta yanke hukunci a 1946, ta ƙi ɗaukar abin da aka yi wa Yahudawan Jamus kafin 1939 a matsayin laifin da take da hurumi a kansa.

Baƙar fata kuwa ko bakin ƙofa bai kai ba. A watannin Mayu da Yunin 1940 sojojin Jamus sun riƙa ware sojojin Afirka da suka kama daga cikin fararen Faransawa suna harbewa. Masana sun ƙiyasta tsakanin 1,500 zuwa 3,000. A Chasselay kusa da Liyon akwai maƙabartarsu har yau, an gina ta da jan gini irin na Sudan. Shari'ar Nurembag ba ta tsaya a kansu ba. Habasha ma ta nemi a miƙa mata manyan hafsoshin Italiya, musamman Badoglio da Graziani. Graziani ɗin nan shi ne wanda a zamaninsa aka rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, shi ne kuma a 1937 aka kwana uku ana kashe mutanen Adis Ababa bayan an kai masa hari, sannan aka kashe limaman Kirista na gidan ibadar Debre Libanos. Ingila ta yi ta toshe ƙofa, domin tun Satumban 1943 Badoglio ya juya ya zama abokinta. Graziani an yi masa shari'a a Italiya, amma a kan haɗa kai da Jamusawa, aka yanke masa shekara 19 a 1950, bayan 'yan watanni aka sake shi.

Mu dawo kan takardar Lome. Ba ta kai shekara ba. A farkon Mayun 2000 mayaƙan RUF suka kame kusan sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya 500. Ranar 8 ga wata jama'a suka yi zanga-zanga zuwa gidan Sankoh a Freetown, masu gadinsa suka buɗe wuta suka kashe kimanin mutum 20. Ya gudu, ranar 17 aka kama shi. Ingila ta sauke soja, abin da ta ƙi yi a bara. A watan Yuni Kabbah ya rubuta wa Majalisar yana neman kotu, ranar 14 ga Agusta Kwamitin Sulhu ya amince, ranar 16 ga Janairu 2002 aka kafa Kotun Musamman ta Saliyo. Lauyoyin waɗanda aka tuhuma suka ɗaga takardar Lome suka ce an riga an yafe. Ranar 13 ga Maris 2004, a ƙarar Morris Kallon da Brima Bazzy Kamara, kotun ta ce afuwar da ƙasa ta bayar ba ta ɗaure hannun kotun duniya a kan irin waɗannan laifuka ba. Layukan da aka rubuta da hannu a gurguje sun rinjayi sashe na 9. Tun daga lokacin kuma ya zama ƙa'idar Majalisar cewa wakilanta ba sa goyon bayan afuwa a kan waɗannan laifuka uku.

Mutum 13 kotun ta tuhuma. Sankoh ya mutu a tsare a Yulin 2003 kafin a yi masa shari'a. An kashe Sam Bockarie a Laberiya, Johnny Paul Koroma ya ɓace, Hinga Norman na Kamajo ya rasu kafin hukunci. Issa Sesay ya samu shekara 52, Kallon 40, Kamara 45.

Labarin Taylor ya fi shafar masu bin hanya. An bayyana tuhumarsa ranar 4 ga Yuni 2003, yana Ankara ta Gana wurin taron sulhun Laberiya. Gana ta ƙi kama baƙonta, ta sa shi a jirgi ya koma gida. Don a raba shi da Monrobiya ba tare da ƙarin jini ba, Obasanjo ya ba shi mafaka, ya sauka Kalaba a watan Agusta. Sai wasu 'yan kasuwa biyu 'yan Nijeriya, David Anyaele da Emmanuel Egbuna, waɗanda aka sassare wa hannuwa a Freetown a Janairun 1999 don an gane 'yan Nijeriya ne, suka shigar da ƙara a babbar kotun tarayya da ke Abuja a 2004, suna cewa gwamnatinsu ba ta da ikon ɓoye shi. A ƙarshen 2005 kotun ta ce suna da hurumin yin ƙarar. A wurina wannan ne wuri ɗaya a duk labarin da masu jinin suka tsaya da kansu a gaban alƙali suka ce ba su yafe ba. Kafin a gama shari'ar, sabuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf ta nemi a miƙa shi. Taylor ya sulale daga Kalaba, ranar 29 ga Maris 2006 ma'aikatan kan iyaka suka tare motarsa a Gamborun Ngala, yana shirin tsallakawa Kamaru da buhunan kuɗi. Gadar da shanu da buhunan wake ke bi kullum, nan tafiyarsa ta ƙare. A 2012 aka yanke masa shekara 50, yana kurkuku a Ingila.

Sai dai a duba abin da ya zube a hanya. Kotun ba ta da hurumi sai daga 30 ga Nuwamba 1996, don haka Fulani da Mandingon da aka kashe a 1991 ba sa cikin lissafi. Dokarta ta ambaci tsangwama saboda ƙabila ko addini, amma ba a tuhumi kowa da wannan laifi ba. Sojojin kiyaye zaman lafiya an bar wa ƙasashensu su hukunta su. Taylor kuma a kan Saliyo kaɗai aka kama shi, ba a kan Bakedu ba. A Laberiya yarjejeniyar Kotonu ta 1993 ta zo da afuwa, ta Ankara ta 2003 ta zaɓi hukumar bin diddigin gaskiya. Hukumar ta ba da shawarar kafa kotu a 2009, aka ajiye rahoton, sai a Mayun 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu kan buɗe ofishin da zai shirya ta. 'Yan hukunce-hukuncen da aka samu a ƙasashen waje aka yi su: ɗan Taylor, Chuckie, shekara 97 a Amurka, Alieu Kosiah shekara 20 a Suwizalan a 2021, Kunti Kamara a Faransa a 2022. Biyun ƙarshen nan kwamandojin ULIMO ne, ƙungiyar da Mandingo da yawa suka shiga don ramuwa, suka kuma yi wa mutanen Lofa irin abin da aka yi musu.

Shekara uku bayan Sankoh, Lome ta sake karɓar baƙi. Ranar 30 ga Oktoba 2002 Eyadéma ya zaunar da tawagar gwamnatin Kodebuwa ƙarƙashin Laurent Dona Fologo da ta 'yan tawaye ƙarƙashin Guillaume Soro. Wannan karon da yawa daga cikin masu saurarenmu suna da ɗan'uwa a ciki, a Ajame ko Tireshbil ko Buwake. Tun Oktoban 2000 aka tsinci gawa 57 a Yopougon, galibi Musulmi 'yan arewa da baƙi. Jandarmomi takwas aka gurfanar a kotun soja a cikin barikin jandarma na Agban, waɗanda suka tsira suka ji tsoron zuwa ba da shaida, aka sallami duka takwas a Agustan 2001. Da yaƙi ya ɓarke ranar 19 ga Satumba 2002, jami'an tsaro suka shiga ƙona unguwannin baƙi a Abijan, 'yan tawaye kuma suka harbe jandarmomi da dama da 'ya'yansu a Buwake. Cikin abubuwan farko da aka daidaita a kansu a Lome, a kwanakin farko na Nuwamba, har da afuwa ga sojojin da suka yi tawaye. Ana cikin zaman, a ƙarshen watan, aka kashe fiye da mutum 100 a ƙauyen Monoko-Zohi, yawancinsu baƙi ma'aikatan gonakin koko daga ƙasashen maƙwabta.

Zaman Lome ya watse ba sakamako, magana ta koma Marcoussis a Faransa, inda a Janairun 2003 aka rubuta cewa afuwa ba za ta shafi manyan laifukan take haƙƙin bil'adama ba. Layin Okelo ya shiga cikin takarda ke nan, ba a gefe ba. An kai Laurent Gbagbo kotun duniya a 2011, ta sallame shi a 2019, ta tabbatar da sallamar a 2021. Daga ɓangaren Alassane Ouattara ba wanda aka kai can, ko da yake kotun Abijan ta yi wa Amadé Ouérémi ɗaurin rai da rai a 2021 kan kisan 'yan ƙabilar Gere a Duékoué. A watan Agustan 2018 Ouattara ya yi wa mutum kusan 800 afuwa. Jandarmomi takwas na Agban su ne kaɗai aka taɓa gurfanarwa a kan gawawwakin Yopougon.